Louis Pasteur: Ɗan Majemin Da Ya Bi Sawun Sukari Har Cikin Ƙwayar Halitta

Duk wanda aka taɓa turawa gwajin jini a Yawunde ko Garwa ya ji sunan Centre Pasteur. Wanda kuma ke sayen madara a kanti, in ya duba jikin kwalin sau da yawa zai ga kalmar pasteurisé. Sunan mutum ɗaya ne ke yawo a wuraren nan biyu, wato Louis Pasteur, Bafaranshen da ya mutu fiye da shekara 125 da suka wuce. Yawancin mutane da allurar ciwon haukan kare suka san shi, shi ya sa ake ɗauka likita ne. To bai taɓa karatun likitanci ba. Malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma tambayar da ta buɗe masa hanya tana nan a kowane gida namu: me ya sa abu mai zaƙi in ya kwana, wani lokaci ya yi tsami kamar kindirmo, wani lokaci ya tashi kamar ƙullun fanke, wani lokacin kuma ya juye barasa? Amsar da ya bayar ita ce, wasu halittu ne masu rai da ido ba ya gani ke cin sukarin don su rayu, kuma abin da za su bari a baya ya danganta da irinsu da kuma iskar da suka samu.

Tasowarsa

An haife shi ranar 27 ga Disamba 1822 a garin Dole, gabashin Faransa. Mahaifinsa majemi ne, tsohon soja a rundunar Napoleon. Yana ƙarami suka koma Arbois, garin manoman inabi, nan ya tashi tsakanin warin jima da ƙamshin ruwan inabi. A makaranta ba ya cikin zakaru. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne zane, har yau hotunan iyayensa da ya zana suna nan. A jarrabawar bakaloriya ta kimiyya da ya ci a 1842, makinsa na darasin sinadarai tsaka-tsaki ne kawai. Iyaye da malamai, ku lura da wannan kafin ku yanke wa yaro hukunci.

A shekarar ce ya ci jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta Paris, École Normale Supérieure, amma da ya ga sunansa ya yi ƙasa a jerin, sai ya ƙi shiga. Ya koma ya ƙara shekara guda yana karatu, ya sake zama, ya fito cikin na gaba-gaba, ya shiga a 1843. Wannan naci shi ne halinsa har ya mutu.

Hannun dama da hannun hagu

Aikinsa na farko da ya ja hankali ya zo a 1848, yana ɗan shekara 25. Akwai wani asid da ke daskarewa a jikin gangar ruwan inabi, ana ce masa tartarik. Masana sun rasa gane wani abu game da shi: akwai wani asid ɗin na biyu mai kayan haɗi iri ɗaya sak da shi, amma in an haska musu wani tataccen haske, na farkon yana karkatar da hasken, na biyun ba ya yi. Pasteur ya sa gishirin na biyun ya daskare, ya duba ƙwayoyinsa da madubin ƙara girma, sai ya ga kashi biyu ne a gauraye. Siffarsu ɗaya amma a juye, kamar tafin hannun dama da na hagu. Ya ɗauki hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kashi ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗayan ya karkatar hagu, in an haɗa su sai su kashe juna.

Wani dattijon masani mai suna Jean-Baptiste Biot, wanda ya haura shekara 70, bai yarda ba sai da ya kawo kayan aikin da kansa ya sa saurayin ya maimaita a gabansa. Da ya gani da idonsa, ya zame masa uba a harkar ilimi.

Darasin da Pasteur ya ɗauka daga nan shi ne, abubuwa masu rai suna da zaɓi, hannu ɗaya suke ƙerawa, hannu ɗaya suke ci. Don haka duk inda ya ga sinadari mai karkatar da haske, sai ya yi zargin akwai rai a bayansa. Da wannan tunani ya tafi Strasbourg koyarwa, inda ya auri Marie Laurent a 1849. Ita ce ta riƙa rubuta masa abin da yake shiftawa tsawon rayuwarsu.

Gangunan da suka yi tsami

A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille, arewacin Faransa, gari mai masana'antu. A can suna noma wata saiwa mai zaƙi da ake tatsar sukari daga cikinta, suna kuma tsima ruwanta su fitar da sinadarin barasa. A 1856 wani mai masana'anta, Bigo, uban wani ɗalibinsa, ya kawo kuka: wasu gangunansa maimakon barasa sai tsami suke yi, yana ta asara.

A lokacin, maganar da ke ci ita ce ta babban masanin Jamus Justus von Liebig. A ganinsa tsimuwa ruɓewa ce kawai, mataccen yis ne ke wargajewa, wargajewarsa ta girgiza sukari shi ma ya fashe. Tun 1837 wasu masana uku sun ce yis halitta ce mai rai, amma aka yi musu dariya. Pasteur dai ya riga ya lura cewa cikin abin da tsimuwa ke fitarwa akwai wani nau'in barasa mai karkatar da haske, don haka zuciyarsa na wajen rai.

Ya ɗebo ruwa daga gangunan biyu ya sa a madubi. A mai kyau ya ga ƙwayoyin yis kewayayyu suna tsiro daga jikin juna. A mai tsamin ya ga wasu halittu da suka fi yis ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya ɗebi kaɗan daga cikinsu ya zuba a sabon ruwan sukari, suka hayayyafa, kuma kullum abu ɗaya suke bayarwa: asid ɗin laktik, wanda shi ne tsamin nono. A 1857 ya fitar da rahoto a kan haka. Kowace tsimuwa, in ji binciken, da halittar da ke yin ta. Matar da ke zuba ɗan tsohon nono cikin dafaffiyar madara don ta kwana ta zama kindirmo, iri take shukawa, kamar yadda manomi ke yi.

A 1857 ɗin ya koma tsohuwar makarantarsa a Paris a matsayin mai kula da karatun kimiyya. Ba a ba shi ɗakin gwaji ba, sai ya gyara wani ɗan lungu a ƙarƙashin rufi ya ci gaba. Nan ya karya hujjar Liebig. Ya haɗa ruwa da sukari da gishirin amoniya da ɗan toka, babu wani abu mai ruɓewa a ciki, ya ɗiga yis kaɗan. Yis ya ƙaru, sukari ya ragu, barasa ta fito. Ya kuma gano cewa lissafin ba ya cika cif: ɗan kaso na sukarin yana tafiya wajen gina jikin yis, wani ya zama gilisarin, wani kuma ya zama wani asid mai suna saksinik. Mai karatu, riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Rayuwa babu iska

A 1861 yana duban ɗigon ruwa mai ɗauke da wasu halittu da ke ba man shanu warin lalacewa, sai ya ga na tsakiyar ɗigon suna ta motsi, na gefe kuwa, inda iska ke taɓawa, sun tsaya cak. Ya busa iska cikin ruwan, tsimuwar ta mutu. Ashe akwai halittun da iskar oksijin, wadda mu ba ma minti biyar babu ita, guba ce a gare su.

Sai ya juya kan yis, ya tarar shi gwanin hanya biyu ne. In ya sami iska sosai, yana hayayyafa da yawa da ɗan sukari kaɗan. In aka toshe masa iska, sai ya cinye sukari mai yawa, ya ƙaru kaɗan, ya cika wurin da barasa. Daga nan Pasteur ya yanke cewa tsimuwa hanya ce ta rayuwa in babu iska.

Ga bayanin da kimiyyar yau ta ba abin da ya gani. Sukarin da jiki ke ƙonawa sunansa gulukos. Kowane dunƙule nasa yana da ƙwayar zarra 6 ta kabon, 12 ta haidurojin, 6 ta oksijin. Matakin farko iri ɗaya ne a jikin yis da na ƙwayoyin nono da naka da nawa: a raba dunƙulen gida biyu, kowane da kabon 3, a sami wani asid mai suna pirubik. Wannan rabawa ba ta buƙatar iska, kuma tana ba ƙwayar halitta ribar ATP 2. ATP wani sinadari ne da ƙwayar halitta ke adana ƙarfi a cikinsa, kamar 'yan canjin da take kashewa a kowane aiki.

Daga pirubik hanya ke rabuwa. Ƙwayoyin nono suna barin kabon ukun yadda suke, su mai da shi laktik, mai kabon 3, haidurojin 6, oksijin 3, rabin gulukos kenan daidai. Yis kuwa yana cire kabon ɗaya ya fitar da shi a matsayin iskar kabon, sauran biyun su zama barasa. A lissafi, giram 180 na gulukos yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska. Iskar nan ce ke tayar da burodi da fanke, barasar kuma yawancinta zafin wuta ke korewa. Hanya ta uku sai da oksijin: a ƙone pirubik ƙurmus har ya zama iskar kabon da ruwa, a sami ATP wajen 30 daga dunƙule ɗaya. Ka ga dalilin da ya sa yis ɗin Pasteur ke haɗamar sukari in babu iska: mai samun 2 a inda ake samun 30 dole ya ninka cinsa.

Jikinmu ma yana bin gajeriyar hanyar in ta kama. Ɗan ƙwallo in ya zura da gudu, buƙatar tsokarsa takan wuce abin da hanyar iska ke iya bayarwa a take, sai laktik ya ƙaru a jininsa, daga baya hanta ta mai da wani sashe nasa sukari.

Daga barasa zuwa khal

A farkon shekarun 1860 ya duba sana'ar masu yin khal, wanda a kasuwa ake kira binega, musamman a garin Orléans. Ya nuna cewa wata 'yar yana da ke kwanciya a saman ruwan halittu ne masu rai, suna ɗaukar oksijin daga iska su haɗa da barasa. Barasa tana da kabon 2, haidurojin 6, oksijin 1. In suka gama da ita sai ta koma kabon 2, haidurojin 4, oksijin 2, wato asid ɗin asetik, tsamin khal. Wani abu ne dabam, ba ya sa maye. Malaman fiƙihu tun ƙarnoni da suka wuce sun tattauna giyar da ta juye khal da kanta, sun kuma tafi a kan halaccinta. Abin da Pasteur ya ƙara shi ne nuna mai yin juyin da yadda yake yi. Kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita ma daga Larabci suka aro ta, al-kuhl, abin da mu muke kira kwalli.

Akwai abin lura a nan ga masu sana'ar zoɓo da kunun zaƙi da lemun citta. Jarkar da aka toshe ta kwana biyu a zafi, in ta kumbura ta yi tsit da aka buɗe, galibi alama ce yis ya fara aiki, kuma a jarkar da aka toshe yis yakan fitar da iskar nan ne tare da barasa. Hukuncin shan irin wannan na malamai ne, amma sanin abin da ke faruwa a cikin jarkar ya kamaci kowa. Sanyi yana rage wa yis sauri, tafasawa tana kashe shi.

To daga ina halittun ke shigowa? Wasu masana, irin su Félix Pouchet, sun dage cewa da kansu suke tsirowa daga ruwan. Pasteur ya tafasa romo a kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasshe kamar na zalɓe, ya bar bakinsu a buɗe. Iska na shiga, ƙura na maƙalewa a lanƙwasar, romon bai lalace ba. Da ya karya wuyan, cikin 'yan kwanaki ya gurɓace. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Cibiyar Kimiyya ta Faransa a 1862.

A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi ya duba abin da ke lalata ruwan inabin da Faransa ke sayarwa waje. Ya gano cewa in aka ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60, ƙwayoyin da ke ɓata shi suna mutuwa. Ya yi rajistar dabarar a 1865. Wasu ne daga baya suka kai ta kan madara, kuma nan ta fi amfanar duniya, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya zuwa mutum. Yau a masana'anta akan ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15.

Jarrabawar rayuwa

Shekarun nan na nasara su ne kuma na baƙin ciki a gidansa. Cikin 'ya'yansa biyar, uku mata sun mutu suna ƙanana tsakanin 1859 da 1866, biyu daga ciki zazzabin taifot ne ya kashe su. A makaranta kuma tsananinsa ya yi yawa, ɗalibai ba sa jin daɗinsa, har rikici ya ɓarke a 1867 ya bar kujerar. A Oktoban 1868, yana shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi da ɗingishi da mataccen hannu, daga nan mataimakansa ke riƙe masa kayan gwaji yana ba da umarni. Da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, haushi ya sa ya mayar wa Jami'ar Bonn digirin girmamawa da ta ba shi.

Tunaninsa kuwa bai tsaya ba. In ƙaramar halitta za ta iya lalata ganga guda, me zai hana ta lalata jinin dabba ko na mutum? Da wannan ya shiga cututtukan tsutsar siliki daga 1865, sannan ciwon saifa na dabbobi. A 1881 a Pouilly-le-Fort ya yi gwaji a bainar jama'a, tumakin da aka yi wa riga-kafi suka rayu, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. Ranar 6 ga Yuli 1885 aka kawo masa Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Da yake shi ba likita ba ne, likita ne ya riƙa yi wa yaron allurar. Yaron ya rayu. Gudummawa ta riƙa zuwa daga ƙasashe, har da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, aka buɗe Cibiyar Pasteur a Paris a Nuwamban 1888. Ya mutu ranar 28 ga Satumba 1895, kabarinsa yana cikin cibiyar.

Abin da ya biyo bayansa

Shekara biyu da mutuwarsa aka gyara masa magana. Ya tsaya kai da fata cewa tsimuwa ba ta yiwuwa sai da ƙwayar halitta mai rai. A 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya niƙe yis da yashi, ya matse ruwansa, babu ƙwaya ko ɗaya mai rai a ciki, ya zuba sukari. Ruwan ya fara kumfa, barasa ta fito. Ashe rai yana ƙera wasu sinadarai ne masu aikin, waɗanda ake kira enzayim, kuma suna iya ci gaba ko an fasa ƙwayar. Liebig, wanda ya mutu tun 1873, ashe yana da tasa rabin gaskiyar. Buchner ya karɓi kyautar Nobel a 1907.

Wannan ne ya ba masana damar bin sukari mataki-mataki a cikin kwalba. A 1937 Hans Krebs, Bayahuden da gwamnatin Hitler ta kora daga aiki a 1933 ya koma Ingila, ya gano zagayen da ake ƙone ragowar sukari a cikinsa in akwai iska. Da tsokar ƙirjin tantabara ya yi gwajin, a Sheffield. Zagayen yana farawa da asid ɗin sitirik, tsamin da ke cikin lemun tsami, kuma ɗaya daga matakansa shi ne saksinik ɗin nan da Pasteur ya tsinta a ruwan yis shekara kusan 80 kafin nan.

Littattafan ajiyar gwaje-gwajensa, waɗanda ya ce kada iyalinsa su nuna wa kowa, jikansa ya miƙa su ga babban ɗakin karatu na Faransa a 1964. Masana tarihi da suka karanta sun tarar cewa riga-kafin da aka yi amfani da shi a Pouilly-le-Fort an haɗa shi ne da wata hanya dabam da wadda ya bar jama'a suka ɗauka, kuma bai cika son raba yabo da abokan hamayya ba. Mutum tara yake bai cika goma ba.

Yau cibiyoyi masu ɗauke da sunansa suna aiki a Dakar da Abijan da Bangi da nan Kamaru. Ɗalibanmu da ke haddace gulukos da pirubik da ATP don jarrabawa, su sani darasin nan daga ganga mai tsami ya faro, kuma suna iya ganinsa da idonsu: cokalin yis, cokalin sukari da ruwan ɗumi a kwalba, a ɗaura balan-balan a bakinta, a jira awa guda. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.